Farantin Fatur da Baba Adamu

Har gobe ba zan manta da ranar da Baba Adamu ya janye hannunsa daga farantinmu ba. Lokacin ni ne mai awo a ofishinmu na kargo da ke Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, 'yan watanni bayan yaƙin Sudan ya koro mutane zuwa Alƙahira.

Ga sababbin shiga, aikin haka yake: 'yan kasuwa da ɗalibai su kawo kaya, masu ɗauri su ɗaure, ni in ɗora a sikeli in faɗi kilo, manaja ya sa hannu, sai filin jirgi. Ko zare ba ya wuce ni ban auna ba. Da hantsi kuma mu yi fatur, wato karin kumallon taro. Wani ya kawo ful, wato dafaffen wake, wani ta'amiya, ƙosan Misirawa, wani burodi, a haɗa a faranti ɗaya.

Baba Adamu dattijo ne, Bahaushen Sudan. Tambayar hanya ta shigo da shi wata rana, ya tarar da mu a kan faranti, ya yi bisimilla ya zauna. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Ko ganyen albasa bai taɓa kawowa ba. Lomarsa kuwa, da zan ɗora ta a sikeli, sai jirgi ya ƙi tashi.

Manajanmu Nura, ɗan mai ofishin, abin ya daɗe yana cin sa. Ranar wata Laraba ya dube ni ya ce da Turanci wai ga "freeloader" ɗina ya iso.

Baba ya ce, "Ɗana Habu, me yake faɗi?"

Na ce, "Sarauta ya naɗa ka, Baba. A Turai sai wanda ya kai ministan abinci ake kira haka."

Kowa ya yi dariya, ban da Nura. Shi ba ya ƙarya, kuma ba ya barin ta wani ta kwana. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Baba, ba haka ba ne. Kalma ce ta Amurkawa, biyu suka haɗa: ɗaya kyauta, ɗaya lodi. Wanda ke loda wa cikinsa daga abin mutane, shi bai sa komai ba. Cima-zaune dai."

Baba ya ajiye burodin da ke hannunsa a hankali. Ya ce, "Ashe karo-karo kuke yi. A garinmu, ƙofar gida nake fitar da tire. Wanda ya wuce bai zauna ba, ya raina ni. Wanda ya zo da nasa, ya zage ni. Na zaci girmama ku nake yi."

Ya wanke hannu, ya yi mana addu'a, ya fita. Ni da ake cewa ko a makabarta zan iya sa mutane dariya, sai na tashi na koma kan sikelina.

Bai sake dawowa ba. Fatur ya riƙa yin saura a faranti, Nura kansa ya koma ci a teburinsa.

Bayan wani lokaci na yi cigiya har na gano ɗakinsa a Giza, ƙetaren kogi. Na tarar da shi a bakin ƙofa da ɗan tire: shayi, busasshen burodi, dabino kaɗan. Duk wanda ya gitta sai ya ce masa "Tafaddal," wato bisimilla. Na zo da leda cike da ful mai zafi. Da na ga tiren, sai na tura ledar bayan ƙofa da ƙafa, na zauna na ci burodinsa har ya ji daɗi.

Na ce, "Baba, yalla, taso ka dawo. Wurinka na nan."

Ya ce, "Yanzu na san ana lissafi, ɗana. Loma ba za ta wuce ba."

Ku da za ku gaji sikelin nan, ku kula da shi. In ka daɗe kana auna kayan mutane, ba ka sanin ranar da za ka fara auna su kansu. Kwali ne ake saukewa a sake ɗorawa, ba mutum ba. Baba Adamu sau ɗaya muka auna shi.