Kaset ɗin da Aka Riƙe Min a Filin Jirgin Kano

Yanzu tsufa ya kai ni inda nake ajiye tabarau in yi ta nemansa alhali yana kan goshina, amma akwai rana guda da ba za ta taɓa fita daga kaina ba har in koma ga Mahaliccina. Ita ce ranar da na dawo daga Ingila, cikin shekarun saba'in, zamanin mulkin soja, aka tsare ni a filin jirgin saman Kano saboda wani ɗan kaset da bai wuce tafin hannu ba.

Ni malamin makaranta ne a Kafanchan, amma asalina mutumin Kwoi ne. An tura ni kwas na shekara ɗaya, kuma a can na tarar da 'yan wajenmu kaɗan suna karatu. To mu a al'adarmu, mai zuwa gida ba ya tafiya da kayansa kaɗai, kowa sai ya ɗora masa saƙo. Kuma saƙo ba a buɗe shi, ba a ma tambayar abin da ke ciki. Tun muna yara aka koya mana cewa in an ba ka ƙunshi ka kai wa wani, ko ƙamshin nama kake ji, ka miƙa shi yadda aka ɗaure. Tambaya ma raini ce, kamar kana zargin mai shi. Saboda haka rabin akwatina kayan mutane ne waɗanda ban san cikinsu ba.

A cikin saƙonnin akwai ɗaya da ban sa a akwati ba, a aljihun kwat ɗina na ajiye shi. Na abokina ne, wanda muka yi firamare tare, yana karatun likitan dabbobi, saura masa shekara biyu. Fasto ya rubuto masa cewa mahaifiyarsa tana kwance, idonta ya rufe, abinci ma sai da lallashi, kullum shi take tambaya. Ba shi da halin zuwa. An gwada karanta mata wasiƙunsa, ta ce a daina, muryar mai karantawa take ji ba ta ɗanta ba. Da abokin nawa ya rako ni filin jirgi, sai ya danƙa min ɗan ƙunshi a takarda, na taɓa na ji kaset ne. Ya ce, "Ka sa mata a rikodarka da hannunka. Don Allah kada ka yi nawa a hanya, fasto ya ce kwanakin ba su da yawa." Na ce masa ya ɗauka an gama.

Mun sauka Kano da sassafe. Shirina shi ne in shiga ƙaramin jirgin da zai tashi zuwa Kaduna da hantsi, daga can in hau mota, in kwana a gida. Na fito cikin kwat da laktaye, ina ji da kaina kamar ni na gina Landan. Layin kwastan dogo ne, ga sojoji tsaye da bindiga, don lokacin ana tsananta bincike. Da layi ya zo kaina, na tarar da wani jami'i dogo, siriri, Bakano, fuskar nan a ɗaure kamar bai taɓa dariya ba. Ya buɗe akwatin, ya ɗaga ƙunshi na farko ya ce, "Malam, mene ne a nan?"

Na ce, "Ban sani ba, saƙo ne."

Ya ɗaga na biyu, na ba shi amsa iri ɗaya. Na uku ma haka. Ni a raina gaskiya nake faɗa, har ina ganin ya kamata ya yaba da amanata. Sai daga baya na gane babu maganar da ta fi "ban sani ba" muni a kunnen ɗan kwastan. Ya ajiye allin da yake sa wa kaya alama a kan tebur, ya ce in kwashe kayana in biyo shi.

A wani ɗan ɗaki aka buɗe saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya a gabana, ni kuwa kamar tufafina ake tuɓe min. Ga ɗankwali, ga agogo, ga maganin ciwon gaɓɓai, ga takalman jariri, har da haƙoran roba da wani ya aiko wa babansa. Babu abin laifi ko ɗaya. Na fara murna ke nan sai wani soja ya laluba jikina ya zaro ƙunshin aljihuna. Jami'in ya juya kaset ɗin, babu rubutu a jikinsa, ya tambaye ni abin da aka ɗauka a ciki. Na sake cewa ban sani ba. Ya sa shi a rikodata ya danna, sai ga muryar abokina da yarenmu na Jaba, yana magana a hankali. Babu wanda ya ji ko kalma ɗaya a ɗakin sai ni.

Na ce zan fassara musu. Ya ce, "Kai ka kawo abu, kai kuma za ka gaya mana abin da ya ce? Doka ita ce, kaset ɗin da ba mu gane ba sai a tura shi babban ofis a saurara. In babu komai a ciki, ka dawo bayan mako uku ko huɗu ka karɓa."

A nan ne zuciya ta ɗebe ni, don ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na miƙe na buɗe masa Turanci, irin mai fita ta hanci wanda na kwaso a can, na gaya masa ko a ƙasar Turawa ba a yi min wannan wulaƙanci ba. Ya bar ni har na gaji, sannan ya amsa min da Turancin da ya fi nawa tsabta, ya ce ihu ba ya canza doka. Ana cikin haka na ji ƙarar jirgin Kaduna yana tashi. Sai na zauna a kan benci. Turancin nan duk ya gudu, da Hausa na ce, "Ranka ya daɗe, ka riƙe akwatin duka, ka riƙe ni ma in kana so. Amma tsohuwar da aka yi wa kaset ɗin nan makauniya ce, tana bakin mutuwa, ba za ta kai mako uku ba. Muryar ɗanta ce kawai take jira."

Sai jami'in ya tambaye ni wane yare ne, na gaya masa. Ya kulle kaset ɗin a durowa ya fita. Na zauna fiye da awa biyu ina zufa cikin kwat, ina tsine masa a zuci, Allah ya gafarta min. Ashe mutumin nan yawo yake yi da ƙafa cikin filin jirgin, daga wajen masu dako zuwa kicin zuwa barikin 'yan sanda, yana neman mai jin Jaba. Can bayan azahar ya dawo da wani dattijo mai furfura, direban motar kashe gobara, tsohon soja daga wani ƙauye kusa da namu.

Aka sa kaset daga farko. Abokina ya gaishe da mahaifiyarsa, ya tambayi jikinta, ya tambayi ko an haƙe cittar gonar bayan gida. Dattijon yana fassarawa da irin Hausarmu. "Ya ce wai Mama ya yi haƙuri, ya ci abinci ko kaɗan ne. Ya ce sanyi na wurin ba kyau amma yana sa rigan da Mama ya saƙa masa." Daga nan sai abokina ya fara ba ta haƙuri a kan wata magana da ya taɓa gaya mata cikin fushi kafin ya tafi. Sannan ya kama wata waƙar majami'a da take yi masa yana yaro, bai kai ƙarshen baitin farko ba kuka ya ci ƙarfinsa. Dattijon ya buɗe baki zai fassara, ya kasa, ya cire hularsa ya rufe fuska. Ya ce, "Oga, wannan ba maganan gwamnati ba ne. Yaro ne da uwansa."

Jami'in ya miƙa hannu ya kashe rikodar. Ya ce, "Ya isa. Sauran ba namu ba ne." Da kansa ya mai da kaset ɗin farko, ya naɗe shi a takardarsa, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, "Malam, aikina na yi, amma na ɓata maka rana. Jirgin Kaduna sai gobe, kuma ba lalle ka samu wuri ba. Akwai jirgin ƙasa mai zuwa Fatakwal da la'asar, ta Kafanchan yake bi. Taso mu je."

Ya nemi izni wajen na gaba da shi, ya sa akwatina a tsohuwar motarsa, ya kai ni tasha. A hanya ya tsaya a wani kanti ya fito da batura sababbi guda huɗu. Ya ce, "Mun cinye maka na ciki da saurare, kuma na san ƙauye babu wuta." Ni ko tunanin batur bai zo min ba. Na rasa bakin godiya, ga kunyar Turancin da na zuba masa. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bar wannan, in gaishe masa da tsohuwa. Da zai juya ya ƙara da cewa shi tasa mahaifiyar ta rasu yana wajen aiki a kan iyaka, sai bayan kwana tara labari ya same shi.

Washegari da safe na sauka Kafanchan. Ko gidana ban shiga ba, na ba wani maƙwabci akwatin, na hau motar 'yan citta zuwa Kwoi. Na tarar da Mama kwance a kan tabarma, matan zumuntar majami'a zagaye da ita, ta rame har ban gane ta ba. Na durƙusa na gaya mata ko ni wane ne, na ajiye rikodar kusa da kunnenta na danna. Da ta ji gaisuwarsa sai ta ɗaga kai ta amsa, kamar yana zaune a gabanta. Ya tambayi citta, ta ce an haƙe. Da ya zo wajen ba da haƙuri, ta laluba ta ɗora hannunta a kan rikodar ta ce, "Ɗana, ai na yafe tun ranan. Kai ne kake riƙe da shi." Da ya kasa ƙarasa waƙar, ita ta ƙarasa masa. A ranar ta sha kunu, kuma kwana biyar ana sa mata kaset ɗin safe da yamma. A na shida Ubangiji ya kira ta. Ni na rubuta wa abokina amsar da ta ba shi, kalma da kalma.

Ban sake ganin jami'in nan ba, ko sunansa ban tambaya ba, kuma wannan yana damuna har yau. Abin da na koya shi ne, ba duk wanda ya tsaya maka a hanya ne maƙiyinka ba. Wani aikinsa yake yi, kuma in ka ajiye girman kai ka gaya masa ainihin damuwarka, sai ka tarar yana da zuciya fiye da kai. Awa biyu na yi ina zagin mutumin nan a raina, shi kuwa yana can cikin rana yana nema wa uwar wani hanyar jin muryar ɗanta.