Surin da Ladi ta Hana a Rushe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar matata Ladi, kuma a makon jiya ne aka gano ni na yi wa gara ƙwadago. Garar nan dai da kuka sani, mai cin azara. Ni da furfura har a gira, na durƙusa gaban suri da kwaɓaɓɓiyar laka a hannu. Gwamma in faɗa da bakina kafin ’yan kartiye, wato unguwarmu, su kawo muku labarin da ƙari.

Malam ake ce mini, amma kada sunan ya ruɗe ku. Ladi ce ta laƙaba mini shi don tsiya, saboda a lekol, makarantar boko, ban daɗe ba muka gaji da juna, ni da malamin. Gyaran keke na iya, shi na ci da shi.

Mun tare a gidan nan na bakin garin Garwa a shekarar da aka sauya shugaban ƙasa. Lokacin bayan katangarmu gonakin dawa ne, sai ciyawa har gangaren Binuwai. A kusurwar filin muka tarar da suri, tsayinsa ya kai ƙirjina. Na ɗauko diga zan kwantar da shi, Ladi ta zo ta zauna a kansa da goyon Sani, ta ce in fara da ita. Na tsaya ina dubanta, na dubi digar, na mai da digar ɗaki. Tun daga ranar na san wane ne mai gidan.

Ladi ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ƙwari kam tana karanta su. In tururuwa ta fara kwashe ƙwanta zuwa tudu, sai ta ce a shigar da shanya. In zanzaro ya yi ɗakinsa a bangon ɗakinmu, ba mai taɓa shi da tsintsiya. Da yamma gyare kan yi kuka har sai mun ɗaga murya muna hira, fara kuwa in ka ratsa ciyawa sai ta yi ta faɗo maka a riga. Ni a lokacin duk ƙwaro ƙwaro ne, abin takewa.

Surin shi ne abin alfaharinta. Idan damina ta gabato, takan ɗauki fartanya da la’asar ta ɗan ƙwaƙule gefensa, kamar faɗin tafin hannu. Da safe ta je ta duba. In an liƙe wurin da sabuwar laka, to masu gidan suna nan, kuma shinge zai fito, wato garar nan mai fiffike da ke tashi bayan ruwan farko. Ranar fitowarsa takan ajiye fitilar ƙwai a tsakiyar daro mai ruwa bayan magariba, ya yi ta zubowa. Ta soya shi ba ko ɗigon mai, gishiri da yaji kawai, ta rarraba wa maƙwabta. Madam Mari, ’yar dutsen Mora da ke zuwa coci, ita ke riƙe mata tsintsiya. Maƙwabtanmu Fulani kullum sai sun ce su ba sa cin ƙwaro, amma kwano bai taɓa dawowa da ko fiffike ba. Ni ma da bakina na ce ba na ci. Ladi takan ce to ɓeran da ke buɗe tukunyarta da asuba har tari yake yi irin nawa.

Yanzu da za ta leƙo, ban san ta inda za ta gane gidanta ba. Gonakin nan duk an yanka su fuloti. Bulo ya bi bulo har bakin ruwa, tsakar gidaje an shafe da siminti, kowace ƙofa da ƙwan lantarki, kowane ɗaki da maganin feshi. Tun da fitina ta koro mutane daga wajen Mora da ƙauyukan iyaka, ko akurki ka gina sai ka samu mai haya. Ban ga laifin kowa ba, mutum sai da wurin kwana. Amma gyare ya yi shiru. Malam-buɗe-littafi na manta rabon da in gan shi. Waɗanda suka zauna da mu sai sauro da kyankyaso, su kam birni ya karɓe su hannu biyu. Madam Mari ta koma wurin ’yarta a Kaele, abokan hirata kuma ɗaya bayan ɗaya mun raka su. Da yamma nakan jawo kujera kusa da surin in zauna. Ba na ce ina magana da shi ba. In ma ina yi, ba wanda ya ji.

Damina uku ke nan shinge bai fito ba. Bana Sani ya same ni, ya rusuna, ya ce yana son ya gina ɗaki biyu a kusurwar nan. Yara sun yi yawa, kasuwa ta ja baya, ga mutane suna ta ƙwanƙwasa ƙofa suna neman haya. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ɗaci. Na ce a yi gwajin uwarsa: in ƙwaƙule surin da la’asar, in an wayi gari ba a liƙe ba, ya kira magina. Ya yarda.

Na ƙwaƙula. Bayan sallar asuba na riga kowa zuwa, na tarar da ramin a buɗe yadda na bar shi, ƙasar ta bushe ƙamas. Daga nan sai tsohon halina ya motsa. Na ɗebi ƙasar gindin surin, na kwaɓa da ruwan butata, na liƙe ramin, har na tsattsaga shi da tsinke don ya yi kama da aikinsu. Mutumin da ya shekara arba’in yana liƙe tayar keke, na ce wannan ba zai gagare ni ba. Na wanke hannu, na koma kujera na kama carbi kamar mutumin kirki.

Da hantsi Sani ya fito, magina biyu suna jiransa a ƙofar gida. Ya tsuguna gaban surin, ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya ɓamɓare liƙin, ya fito guda kamar waina, ya juya bayansa. Zanen babban yatsana na nan raɗau. Na jira ya yi dariya, ko ya yi faɗa. Sai ya mai da liƙin wurinsa a hankali, ya danna, ya tashi ya fita. Na ji yana ba maginan haƙuri, yana cewa sai bayan damina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya tsuguna. Haka Ladi take yi, gwiwa ɗaya a ƙasa, kai a karkace kamar mai saurare. Ban taɓa sanin yana kallonta ba a shekarun nan. Na ɗauka ni kaɗai na rage da abin da ta sani, ashe ma ni ne na fi kowa rashin koyo. Zannuwanta an raba, daron ya ɓule, fitilar ban san inda ta shiga ba. Amma akwai mutum ɗaya a kartiyen nan da in ya ga suri zai tsuguna kafin ya ɗauko diga, kuma ita ta haife shi.

Da ya dawo ya tsaya kusa da kujerata, bai dube ni ba, surin yake kallo.

“Baba,” ya ce, “Inna ta nuna mini tun ina yaro. Gara daga ciki take liƙewa. In babu kowa a ciki, me muke gadi?”

Na ci gaba da jan carbi.