Farin da Na Gani a Idon Hajo

A kakar shekarar da na shiga aji huɗu, lokacin Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, wata Asabar muka kwasa duk gidanmu zuwa fadamar Zauro bugun shinkafa. Maza na bugu, mata na shiƙa, ni kuwa aka ɗaura mini ƙanwata Hajo a baya, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Haushi kamar ya kashe ni, don sa'o'ina na can suna kamun fara, ni an bar ni da raino. Da la'asar na sauke ta a kan wani buhu ina ba ta fura. Rana ta haske mata fuska, sai na hango wani fari can cikin ƙwayar idonta na hagu, yana ƙyalli kamar idon kyanwa.

Na ruga na gaya wa Inna. Ko ƙoƙon shiƙar ba ta ajiye ba ta ce ƙaiƙayi ne, kuma laifina ne da na zaunar da yarinya a bakin iska. A wurinmu manoman shinkafa, duk ciwon idon da ya zo da kaka sunansa ƙaiƙayi, babu mai neman wani dalili. Aka hura, aka wanke, aka ranbaɗa kwalli. Farin yana nan daram.

Sai aka kai ta Argungu wurin Goggo Ige, yayar Babanmu, wadda ta yi suna wajen cire ƙaiƙayi da harshe. Takan kurkure baki, ta matse kan yaro tsakanin gwiwoyinta, ta buɗe fatar idon ta zura tsinin harshe, sai ka ga ta tofar da abin a tafin hannu. Mu yara ƙyama muke ji, amma ba ma fasa leƙe. Ran nan ta lasa, ta sake lasa, Hajo na tsala ihu. Ta ɗago ta dubi Baba ta ce, "Mamman, wanga ba ƙaiƙayi na ba. Abin ciki shike, halshena bai kai nan."

Baba ya ji, amma dashen albasa ya taso, yarinya kuma tana cin tuwonta tana wasanta. Sai da idon ya fara karkacewa, ta riƙa karo da turmi da bakin ƙofa ta ɓangaren hagu, sannan aka nufi asibiti. Daga Birnin Kebbi aka tura su Sakkwato. Inna ta ce likitan ya ɗiga wa Hajo magani har ƙwayar idon ta buɗe, ya leƙa da 'yar fitila. Daga baya ya yi musu bayani cewa ƙari ne ya tsiro a cikin idon, irin ciwon dajin da ba kasafai ake gani ba, kuma yara ƙanana yake kamawa. Idon ya riga ya mutu. In an bar shi, ciwon zai bi jijiya ya shiga ƙwaƙwalwa, don haka sai dai a cire.

Baba ya saɓo 'yarsa ya dawo gida. Ya rantse ba za a ƙwaƙule wa ɗiyarsa ido yana raye ba. Ban taɓa ganin gidanmu na unguwar Badariya ya yi tsit haka ba, ko wasan 'yar gala-gala muka daina yi a tsakar gida. Na tsani Baba a kwanakin nan, wallahi, sai da na girma na gane tsoro ne ya cika shi. Wata safiya yana zaune yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin tari yana jefarwa, Inna, wadda ba ta taɓa yi masa musu ba, ta durƙusa gabansa ta ce, "Malam, kai da hannunka kake hidda ruɓaɓɓa don saura su tsira. Ka bar mini ɗiyata da ido guda, ya hi in rasa ta duka."

Ya daɗe riƙe da albasar nan, sannan ya tashi ya ce a ɗauko mayafin Hajo.

Aka cire idon, Allah Ya sa ciwon bai kai ƙwaƙwalwa ba. Hajo yanzu har da jikoki, da idonta na roba da sai ka ƙura za ka gane. Ita ke fara tsokanar kanta, ta ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Yau inji ke bugun shinkafa a Zauro, masu harshe irin na Goggo Ige sun ƙare, ni kuma duk gidan sunan da na je sai na juya jariri wajen haske na leƙa idonsa, ana yi mini dariya. Na kan tuna Baba, Allah Ya jiƙansa. Bai taɓa tayar da zancen ba, amma har ya bar duniya, in zai zauna kusa da Hajo, sai ya zagaya ta damanta don ta gan shi.