Abarshi Mai Kiren, Wanda Ba Ya Amsa Sallama

Kafin a tayar da zarto a rumfar yanka katako ta bakin garin Birnin Gwari, Malam Abarshi ya riga ya hau tsani. Zai bi dogayen ƙarafa biyu da ke kafe a saman bango, ya shafa giris a tayoyin gadar da ke tafiya a kansu, ya leƙa gangar da ke naɗe igiyar waya, ya gwada birki, sannan ya sauko ya duba ko bakin ƙugiya ya buɗe. Wannan injin ɗaga gungume shi ake kira kiren, kuma a jikinsa Abarshi ya yi furfura.

Amma tambayi mutanen gari, abin da za ka ji shi ne, "Mai girman kan nan? Ko sallama ba ya amsawa." Maganar nan tana ƙona rai. Mutum ya rataye gungumen maɗaci a sama, yatsa kan maɓalli, ido kan waya, kai kuwa ka shigo kana jiran ya tambaye ka gida da yara da damina. In kaya na sama, Abarshi ba shi da baki. Kafin ya sauke, mai gaisuwa ya yi zuciya ya tafi.

Mafi ciwo ita ce ranar da kawunsa Abdulkahar, wan mahaifiyarsa wanda ya rene shi, ya taso daga Kuyello. Tsohon ya yi sallama, ya tako har ƙarƙashin gungume yana miƙo hannu. A daidai lokacin Abarshi ya hango waya ta fara tsintsinkewa kusa da ganga.

"Kauce!" Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan.

Mercy mai sayar da abinci ta fizgo tsohon. Ya kakkaɓe riga ya fice yana cewa, "Ɗan ƙanwata ya kore ni kamar akuya." Bai tsaya ya ga wayar ta katse ba, gungume ya daki wurin da sawunsa yake. Mercy ta yi ta aika masa bayani har ta gaji, ya toshe kunne. Ko sunan jikan Abarshi bai zo ba, abin kuwa ya daɗe yana cin Abarshi a rai.

Kai ne mai shirun da ya raya mutane, Malam Abarshi. Kai aka zaga a shago da majalisa, alhali a hannunka ƙugiya ba ta taɓa shan jinin kowa ba.

Bana idon Abarshi ya yi rauni, ya ajiye aiki. Bai zauna hutawa ba, ya hau acaɓa sai Kuyello, ya durƙusa a zauren kawu. Tsohon ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"Ka sauke kayan?"

"Na sauke, Kawu."

"To, amsa mini sallamata."

Abarshi ya ce, "Wa alaikumus salam, Kawu."

Mun gode, Malam Abarshi, Allah ya saka da alheri. Masu jan injin da ke tasowa, ku riƙe ido a kan waya kamar yadda ya riƙe. Mu kuma 'yan gari, don Allah in mun ga mutum da kaya a sama, mu tsaya daga bakin ƙofa mu jira ya sauke. Abarshi yana nan yanzu a ƙofar gidansa, duk wanda ya gaishe shi sai ya gaji da amsa.