Allin Baba Almu

Da an idar da sallar asuba, Baba Almu kan ɗaure jakar sifanoninsa a bayan babur ya kama hanya. Shekara talatin da biyu yana gyaran famfunan tuƙa-tuƙa tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Babur ɗin ya fi mai shi tari, amma bai taɓa hana shi isa ba. A cikin jakar akwai kwalbar kananzir da ƙullin alli, waɗanda abokan wasansa ke cewa su ne layarsa.

Shekara huɗu da suka wuce, ƙarfen da ke riƙe sandunan wani famfo a 'Yargoje ya cinye, irinsa kuma ya ɓace a kasuwa. Famfon nan ne kaɗai ruwan unguwar, in ya tsaya sai tafkin da shanu ke sha. Ana haka sai ga Injiniya Sa'adiya, 'yar Faskari, da sabo fil. Ba maƙeri ya ƙera shi ba. Na'ura ce ta narka garin ƙarfe, shimfiɗa kan shimfiɗa, har siffar ta fito. Mutane suka yi ta shafa shi suna cewa a ɗaura.

Baba Almu ya ƙi. "Ɗiyata, ya yi kyau, amma ƙarfe ma shina gajiya. Sau nawa ake danna famfon ga a wuni? In ya tsinke can ƙasa, sanduna suka faɗa rijiya, wa za ya hiddo su?"

Aka ce tsoho na kishin na'ura. Hajiya Mairo, shugabar matan unguwar, ta daina amsa gaisuwarsa, don kullum ita ke ganin jikokinta da ruwan tafki. Abin ya yi masa ciwo, amma bai sauya ba. Ya haɗa ƙarfen da injin niƙa, injin na ja yana saki, kwana goma cur. Sannan ya jiƙa shi a kananzir, ya goge, ya shafa alli, ya ƙwanƙwasa. Sai ga kananzir ya tsattsafo ta wani siririn layi kamar gashi. Tsaga ce, wadda ido bai gani ba.

Sa'adiya ba ta yi fushi ba. Ta duba ta ce, "Baba, daidai tsakanin shimfiɗu ta bi." Ta koma ta sake yin wani, shimfiɗunsa na bin tsawon ƙarfen, ta gasa shi ya huce a hankali. Baba Almu ya goge kaushin ƙarfen har ya yi santsi. Wannan ya yi wata guda a injin, alli ya fita fari fes. Sannan aka ɗaura shi a famfon.

Yau irinsa na aiki a famfuna har Mairuwa da Daudawa, ko ɗaya bai tsinke ba.

Baba Almu, kai ne ka yarda a tsane ka wata biyu don kada unguwa ta rasa rijiyarta har abada. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a kuma ku koya: a gwada tukuna, ko da ana zagi.

Ranar Juma'ar da ya ajiye aiki saboda raunin ido, ya miƙa wa Sa'adiya ƙullin allin a bakin famfon 'Yargoje. Hajiya Mairo ta tuƙa famfon da hannunta, ta cika ƙwarya, ta durƙusa gabansa.

"Malam, sha," ta ce. "Gaisuwar da na hana ka ce."