Takalmin da Za Ta Girma a Ciki

Har yau idan na tuna da takalmin nan sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da maigidana.

Babbar 'yarmu a Kuala Lumpur ta tashi, a unguwar Wangsa Maju. Kullum da yamma tana ƙasan benenmu wajen ajiye motoci, tana gudu a kan allon nan mai tayoyi, ta faɗi ta tashi, gwiwa duk tabo. Da makarantarsu ta shirya kai su Koriya su koyi sulu a kan dusar ƙanƙara da allo, yarinyar nan ko abinci ta daina ci sosai don murna. Mu kuwa a ƙarshen shekarar za mu koma Kano gaba ɗaya. Idan ba ta hau wannan karon ba, to shi ke nan.

Allo a can za a ba su. Takalmi ma ana bayarwa haya, amma maigida ya ce shi 'yarsa ba za ta zura ƙafa inda ƙafar duniya ta shiga ba, saya zai yi. Muka tafi kantunan Bukit Bintang da rana tsaka, gumi na bin bayanmu, wai mun zo sayen kayan sanyi.

Yarinyar ta gwada wani takalmi, ya kama ta cif. Ta miƙe tana dariya. Abbanta ya durƙusa ya danna bakin takalmin da babban yatsa, kamar yadda ake mana a kasuwa lokacin kayan sallah, ya girgiza kai.

"Wannan ai wata biyu ya matse ta. A kawo babba."

"Abba, malama ta ce sai ya riƙe dunduniya gam. Idan ƙafa tana yawo a ciki, allon ba ya juyawa."

"Malama ce za ta saya miki wani baɗi? Ai za ki girma a ciki."

Na ce, "Haba Malam! A ina za ta girma a ciki? A Kano? Wace ƙanƙarar ce a Kano?"

Ya ce ƙannenta na tafe, kuma kada in tara masa mutane. Mai kantin kuwa tana gefe, ba abin da take cewa sai "boleh, boleh", wato komai ya yi. Ita dai a saya. Aka kawo wani ƙato, maigida ya ce a ninka safa, idan da sauran wuri a cusa auduga. Hular kwano kaɗai na ci nasara a kanta, don na rantse ba za a sa wa 'yata hular da ke rufe mata ido ba. Na zaɓa mata ƙaramin hijabi mai kama kai da zai shiga ƙarƙashinta.

Washegarin isarsu malamar ta kira ni. A gangaren farko yarinyar ta so juyawa, dunduniyarta ta ɗaga a cikin takalmin, allon ya ƙi bin ta, ta kife. Ta yi targaɗe a idon sawu, ba karaya ba, amma an hana ta sake hawa. Sauran kwanakin a bayan taga ta yi su, tana gadin jakunkunan 'yan ajinsu, tana kallon waɗanda ko tsayuwa a kan allo ba su iya ba suna wucewa.

Yarinyar ta karɓi wayar daga hannun malamar. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce, "Umma, don Allah kar ki gaya wa Abba. Zai ji ba daɗi."

Wallahi da kyar na haɗiye maganar. Ina zuba masa abinci, shi kuma yana ba abokansa labari a waya cewa 'yarsa tana can tana wasa da ƙanƙara.

Ranar dawowarsu muka je filin jirgi. Na hango ta tana tura kayanta, tana taka ƙafar a hankali, tana dannewa kada a ga ɗingishi. Abbanta ya tare ta da fara'a.

"To ya aka ji da takalmi?"

"Lafiya lau, Abba. Na gode."

Ya juyo ya dube ni. "Kin ji ko? Da an bi ta taki, da an yi asara."

Na buɗe baki, maganar ta zo har kan harshena. Sai yarinyar ta kama hannuna ta matse da ƙarfi, ba ta sake ni ba har muka isa mota.