Ranar da Mashin ɗin Busar da Kaya Ya Ƙi Tsayawa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen mutanen da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma ranar da mashin ɗin busar da kaya ya ƙi tsayawa a unguwar Albarika, wannan kam da ita zan shiga kabari. Har yau in na ji ƙaurin tsumma, kunya ce ke fara kama ni.

Lokacin ina gyaran rediyo da fanka a wata 'yar rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Paraku. Zamanin juyin juya hali ne, zamanin da kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya: liman kamarad, mai tallan doya kamarad, har surukinka in kun haɗu a ofis. Ni kuwa iyayena daga Nijar suka zo, takarduna ba su cika ba, saboda haka in an ce a tafa, tafina ya fi na kowa ƙara.

A unguwarmu akwai delege, wato shugaban kwamitin unguwa. Shi ya tattara masu wanki da guga, ya ce daga yau sun zama ƙungiya, ya ba su ɗaki a gefen ofishinsa. Ana nan sai ya jajibo musu wani ƙaton mashin na busar da kaya daga wani masaukin baƙi da mai shi, Bature, ya tattara ya bar gari. Ku ji fa, mutanen da kakanninsu suka tsufa da igiya da rana! Ni aka kira in haɗa masa wuta. Ɗakin ba mita, delege ya ce in jawo daga ofis. Na ja waya kai tsaye, ba makunni ba komai, ofis da mashin duka suka rataya a fizibil ɗaya, wani ɗan farin tangaran da ke bangon barandar ofis, wanda in an zare shi wuta ta ɗauke. Na san aikin banza na yi. Duk da haka na karɓi godiya.

Wata Asabar cikin damina, ina tsakiyar gyaran wata rediyo, sai ga shugaban masu wanki, wani dattijo da muke kira Baba, ya faɗo rumfata yana haki, maɓallin mashin a hannunsa.

"Taso, ɗana! Ya ƙi tsayawa, kuma rigar Hajiya na ciki!"

A hanya ya ba ni labari. Wata Hajiya ce daga Jugu, 'yar gidan fataken goro na asali, ta zo auren ɗanta da za a ɗaura washegari. Ta kawo wankin wata babbar riga saƙi mai aikin hannu, ta kakan angon, madugun da ya sha kai ayari Gwanja. Da ita mijinta ya yi aure, da ita take so ɗanta ya yi. Kwana uku ana ruwa, riga ta ƙi bushewa. Baba ya so ya rataye ta a ɗaki ta sha iska a hankali, delege ya ce atafau sai a mashin. Babban baƙo zai zo daga ofishin lardi, dole ya tarar da mashin na juyi, kuma da kaya masu kyau a ciki.

Muka iso muka tarar da fili cike da jama'a a gaban ofis. Baƙon na tsaye a baranda yana jawabi da Faransanci ta lasifika, tafinta na juyawa da harshen Dandi, wani kuma da na Bariba, wato kowace magana sai an sha ta sau uku. Jandarmomi biyu na gefensa. Ga ɗan farin tangaran can a bango, daidai ƙeyar baƙon.

Na zagaya zuwa ɗakin wanki. Zafi kamar gidan burodi, mashin sai gurnani yake. Ta gilashin ƙofarsa ina hango riga tana tashi tana faɗuwa. Na ja ƙofa, gam, irin wanda ba ya buɗewa sai ya tsaya. Na sa filaya na murɗa ƙarfen maɓallin har ƙarshe, ya yi ƙas, mashin bai ma san ina yi ba. Nan na gane ƙarafan makunnin cikinsa sun narke sun manne. Na kwance murfin baya in cire waya da wutarta, ta fizge ni ta maka da bango, har na cije harshe.

"To, yaya?" in ji Baba.

"Sai an zare fizibil."

"To zare mana!"

"Baba, in na zare, lasifika ma ta mutu."

Mu bakwai ne a ɗakin, maza ƙarti masu gemu, kowa ya san abin da ake kiran wanda ya katse jawabin babban kamarad, kuma kowa ya ji labarin inda ake kai irinsa. Aka kira delege. Ya shigo yana share gumi, ya ji bayani, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kamarad, duk wanda ya taɓa abin nan, sunansa zan rubuta. Kai kuma ka san matsayin takardunka. Jawabi ya kusa ƙarewa."

Ya kusa ƙarewa! Ashe mutumin bai ma gama gaisuwa ba. Muka tsaya muna kallon gilashi kamar masu jiran gawa ta motsa. Wani ya kawo shawara a zuba wa mashin ruwa, na ce in yana son ganin kakansa yau ya zuba. Wani ya kama yi masa fifita da faifai, wallahi da idona na gani. Baba kuwa sai addu'a yake yana tofa wa ƙofar. Ni da na san magani, tsakanina da shi taku ashirin, na tsuguna ina kwance kusoshi ina mayarwa, don dai a ga ina aiki. Duk sanda aka tafa a waje, mu ma sai mu ɗan tafa a ciki, ko wani na leƙe.

An fi awa ana haka, ƙauri ya fara tashi, sai ga Hajiya ta shigo karɓar riga, da lemarta a hannu. Gajeriyar tsohuwa ce, ba ta da ƙiba. Ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dubi gilashi.

"Me nake gani haka?"

Delege ya matso yana murmushin dole. "Kamarad Hajiya, a yi haƙuri kaɗan, saboda..."

"Kai, rufe mini baki! Ni ce kamarad ɗinka? Uwarka a gidanmu ta koyi ɗaurin goro." Ta juyo kaina. "Kai ne mai gyaran? Ina ake kashe shi?"

Da yatsa na nuna mata ta taga.

Ta fita, muka bi ta da ido. Ta ratsa taro tana ture mutane da lema, ta hau baranda, jandarma ɗaya har ya matsa mata, yana zaton gaisuwa ta zo yi. Ta naɗe hannu da gefen mayafi, ta yi ɗage, ta fizge tangaran ɗin. Lasifika ta mutu a tsakiyar kalma. A bayana na ji mashin ya yi wani dogon nishi ya tsaya. Ni kam na riga na fara tunanin wa zai riƙe mini rumfa.

Kun san abin da ya faru? Ba komai! Baƙon ya bubbuga abin magana sau biyu, ya ɗaga kafaɗa, ya ce an ɗauke wuta, abin da ake yi kusan kullum a garin. Jama'a suka ɓarke da tafi, irin tafin gaskiya da ban taɓa jin kamarsa ba. Jandarmomin da suka ga komai suka kau da kai, su ma ƙafafunsu sun gaji. Aka wuce da baƙo wurin cin abinci. Mashin ɗin da aka yi duk wannan dominsa, ko leƙa shi bai yi ba.

Baba ya buɗe ƙofa ya ciro riga da hannu biyu. Ta ƙanƙance, aikin gabanta ya yi baƙi, da ya taɓa zaren sai ya marmashe a yatsunsa. Dattijon nan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Hajiya ta dawo ta karɓa, ta ninke ta a hankali kamar ba abin da ya same ta. Sannan ta kamo hannuna ta sa mini tangaran ɗin a tafi.

"Tun yaushe ka san wannan ne maganinsa?"

"Tun da na zo, Hajiya."

"Riga ba ta ƙone ba lokacin?"

"Ba ta ƙone ba."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai. "Allah ya ƙara tsawon gemu," in ji ta, ta fita. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Gyaran bai ɗauke ni rabin awa ba. Na kankare ƙarafan da suka manne, na sauya maɓalli, na sa masa makunninsa na kansa a bango, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Washegari ango ya ɗaura aure da farar shadda ta kasuwa. Na hango shi daga nesa, ban iya ƙarasawa cikin taron ba.

Abin da ranar ta koya mini ke nan, kuma da tsada na koye shi, da rigar da ba tawa ba. Ba jandarma ne ya ƙone rigar madugu ba, ba kuma baƙon ba, shi bai ma san da ita ba. Mu bakwai ne, da tsoron da muka dafa wa kanmu, ni a gaba tunda ni na san inda maganin yake. Tun daga ranar ban sake haɗa wani abu da wuta ba sai na sa masa wurin kashewa inda hannun kowa zai kai. In kuma na ga abu na ƙonewa, kashewa nake fara yi, a tambaye ni daga baya.